FASHIN BAƘI: Abin da atisayen harbi a rukuni ke koya wa jami'an tsaro, da abin da ba ya koyarwa

A shekarar 2008 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta fitar da rahoto kan yadda 'yan sandan birnin New York ke amfani da bindiga. Alƙaluman shekarun 1998 zuwa 2006 da ta bincika sun nuna cewa idan ana musayar wuta, harsashi 18 ne kacal cikin kowane 100 da jami'an suka harba ke samun wanda aka nufa. Ko a lokutan da wanda ake zargi bai mayar da wuta ba, adadin bai wuce 30 cikin 100 ba. Waɗannan kuwa jami'ai ne da suka ci jarrabawar harbi kafin a ba su makami, suke kuma komawa filin atisaye sau biyu a kowace shekara.

Sauran harsasan dole su sauka a wani wuri: bango, mota, ko jikin mai wucewa. Wannan ne ya sa horon harbi ya wuce sha'anin bariki, ya zama batun da ya shafi duk wanda ke bin hanyar da mai bindiga ke gadi. Fiye da shekara 100 ke nan sojoji da 'yan sanda da masu wasan harbi ke neman hanyar haɗa sauri da saiti a hannu ɗaya, kuma mafi yawan abin da suka gano a atisayen rukuni suka gano shi.

Inda aka faro

Yaƙin da Birtaniya ta gwabza da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya kunyata sojojinta. Manoman da suka saba farauta tun suna yara sun riƙa kayar da dakarun sarauniya daga nesa. Bayan yaƙin, makarantar koyon harbi ta soja da ke garin Hythe ta sake fasalin horo. Cikin jarrabawar da aka shigo da ita akwai wadda soja zai harba harsashi 15 cikin minti ɗaya a kan allo mai nisan yadi 300, da bindigar Lee-Enfield wadda harsashi 10 take ci, wato sai ya sake ɗurawa a tsakiyar gwajin. Sojoji suka laƙaba wa gwajin sunan da ke nufin "mintin hauka". Darasinsa shi ne sauri abu ne da ake iya aunawa da agogo, kuma abin da ake aunawa ana iya gyara shi.

Ta ɓangaren 'yan sanda, sauyin ya fito daga birnin Shanghai na ƙasar Sin. William Fairbairn, wanda ya shiga rundunar 'yan sandan birnin a 1907, ya lura cewa artabun da ke cin rayukan jami'ai a lungu yake faruwa, a kusa, cikin duhu, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Horon da ake ba su kuwa na tsayawa ne a natse da rana tsaka ana saita da'ira. Shi da abokin aikinsa Eric Sykes suka gina wani gida na gwaji mai duhu da matattakala da alluna masu faɗowa ba zato, wasu na miyagu, wasu na mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Sun tattara dabarunsu a littafin da suka fitar a 1942.

A Amurka, wani marubucin tarihin soja, S.L.A. Marshall, ya yi iƙirari a 1947 cewa bai fi soja ɗaya cikin huɗu ba ne ya harba bindigarsa a fagen daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Masana sun yi ta sukar alƙalumansa daga baya, domin ba a ga shaidar ƙididdigar da ya ce ya yi ba. Duk da haka maganarsa ta yi tasiri. A shekarun 1950 rundunar sojan ƙasar ta fara maye gurbin allon da'ira da alluna masu siffar mutum, waɗanda ke tasowa na ɗan lokaci su faɗi idan an same su. Manufar ita ce soja ya saba da mayar da martani nan take.

Yadda wasa ya shigo da lissafi

Mafi yawan atisayen ƙaramar bindiga da ake yi a yau daga filin wasa ya samo tushe. A ƙarshen shekarun 1950 wani tsohon hafsan sojan kundunbala na ruwa, Jeff Cooper, ya riƙa shirya gasar saurin zaro bindiga a Big Bear Lake da ke jihar Kalifoniya. Masu gasar da hannu ɗaya suke harbi daga ƙugu, kamar a fim. Sai wani mataimakin jami'in tsaro na gundumar Los Angeles, Jack Weaver, ya zo da riƙon hannu biyu, yana ɗaga bindigar zuwa daidai ido. Ya fi sauran jinkiri da ɗan ƙiris, amma shi ke samun allo, ya kuma lashe gasar a 1959. Daga nan riƙon hannu biyu ya bazu har ya shiga makarantun 'yan sanda.

A 1976 aka kafa ƙungiyar wasan harbi ta duniya da ake kira IPSC a garin Columbia na jihar Missouri, Cooper ya zama shugabanta na farko. Takenta kalmomi uku ne na Latin da ke nufin saiti, ƙarfi da sauri. Gudunmawarta mafi girma ita ce hanyar ba da maki: a tara makin da maharbi ya samu, a raba da daƙiƙoƙin da ya ɓata. Tsakiyar allo maki 5 ne. Kuskuren allo na jawo cire maki 10, haka ma harbin allon da aka haramta taɓawa.

Misali zai fayyace abin. Akwai wani sanannen atisaye da ake dangantawa da Cooper, mai suna El Presidente: alluna uku a nisan yadi 10, maharbi ya juya musu baya, idan an ba da alama ya juyo ya sa wa kowanne harsashi biyu, ya sake ɗura bindiga, ya maimaita. Harsashi 12 ke nan. Wanda ya samu tsakiya da dukkansu cikin daƙiƙa 10 yana da maki 60, idan an raba ya tashi da 6. Wanda ya gama cikin daƙiƙa 8 amma ya kuskure sau ɗaya yana da maki 55, a cire 10 saura 45, idan an raba bai kai 6 ba. Mai gaggawar ya sha kaye. Lissafin da kansa ke koya wa maharbi cewa sauri kan haifi nawa.

Me ya sa sai a rukuni?

Mutum na iya koyon riƙo da saiti da jan kunama shi kaɗai, har ma ba tare da harsashi ba. Masu horarwa da dama na ganin maimaita motsi da bindigar da aka tabbatar babu komai a cikinta shi ne ginshiƙin ƙwarewa, ga shi kuma ba ya cin kuɗi. Amma akwai abubuwan da sai cikin jama'a ake samunsu.

Na farko shi ne tarbiyyar kiyaye rai. A filin atisaye maharba kan jeru a sahu ɗaya ƙarƙashin jami'i guda wanda umarninsa ne kaɗai ke aiki. Ba mai ɗura bindiga sai ya ce, ba mai tsallake sahu sai an duba kowane makami an tabbatar fanko ne. Abu ɗaya ne kowa ke da ikon yi ba tare da izini ba, ko da kurtu ne: ya yi ihun a tsagaita wuta idan ya hango haɗari. A gasar IPSC, wanda bakin bindigarsa ya karkato baya zuwa inda mutane suke, ko ya yi tafiya yatsansa na kan kunama ba tare da yana harbin allo ba, korarsa ake yi daga gasar baki ɗaya, komai ƙwarewarsa.

Ƙa'idoji huɗun da Cooper ya yaɗa su ne ake nanatawa a irin waɗannan filaye. A ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi. Kada a nuna bakinta ga abin da ba a shirya hallakawa ba. Yatsa ya nisanci kunama har sai an saita an kuma yanke shawarar harbi. A tabbatar da abin da ake nufi da abin da ke bayansa. Ƙa'ida ta uku tana da dalili a ilimin jiki. Idan mutum ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, ko ya damƙi wani abu da ƙarfi da ɗaya hannun, yatsun hannun da ke riƙe da bindiga kan matse ba da saninsa ba. Da yawa daga abin da ake kira harbin kuskure daga nan yake fitowa, wato yatsa ya kasance inda bai kamata ba.

Na biyu shi ne matsin lamba. Hannun da ke natse idan mutum shi kaɗai ne yakan fara rawa idan abokan aiki 20 sun zuba masa ido, agogo na ƙirge. Shi ya sa ake haɗa mutum biyu su yi tsere wajen kayar da faifan ƙarfe, ko a raba rukuni gida biyu su yi karɓa-karɓa, ko a sa su gudu kafin harbi domin numfashi ya hau. Na uku shi ne idon abokin aiki. Akan haɗa maharba biyu-biyu, ɗaya na harbi ɗaya na lura da hannunsa, domin mai harbi ba ya jin lokacin da ya fizge bindigarsa ƙasa saboda tsammanin ƙara. Na huɗu shi ne aiki tare: sanin inda abokin aiki yake tsaye, sanar da shi idan harsashi ya ƙare, da barin mutum ɗaya ya yi wa wanda ake zargi magana maimakon kowa ya riƙa ihun umarni daban.

Inda ƙwarewar fili ke zubewa

A daren 5 ga Afrilun 1970, a Newhall da ke Kalifoniya, wasu mutum biyu sun kashe 'yan sandan sintirin babbar hanya huɗu cikin ƙasa da minti biyar. Babu wanda ya cika shekara biyu a bakin aiki cikin mamatan. An kashe ɗaya daga cikinsu yana ƙoƙarin ɗura libarbarsa da harsashi ɗaya bayan ɗaya. Shekaru da dama malaman harbi na ba da labarin cewa an tsinci kwanson harsasai a aljihunsa, wai saboda ya saba tattara su a filin atisaye. Bincike daga baya ya ƙaryata wannan labari, amma ainihin darasin ya tabbata: horon da aka ba jami'an bai yi kama da abin da suka tarar ba. Bayan lamarin rundunar ta sauya tsarin tsayar da motar da ake zargi, ta kuma amince da na'urar ɗura libarba a lokaci guda.

Dalilin giɓin yana cikin jikin ɗan Adam. Idan tsoro ya kama mutum, zuciya kan buga da sauri, gani ya taƙaita ga abin da ke barazana, ji ya ragu, yatsu su yi nauyi. Wasu masana biyu na jami'ar Vrije da ke Amsterdam, Arne Nieuwenhuys da Raôul Oudejans, sun gwada haka da 'yan sandan Holan. Jami'an sun yi harbi a yanayi biyu: a ɗaya abokin karawa ba ya ramawa, a ɗayan yana ramawa da harsashin sabulu mai launi, wanda ba ya kisa amma yana da zafi. Da zafi ya shigo, sai jami'an suka ƙara sauri, suka riƙa sunkuyar da kai, saitinsu ya lalace. Waɗanda aka horar a cikin irin wannan fargaba sun farfaɗo da saitinsu, kuma gwajin da aka sake bayan wata huɗu ya nuna ribar ba ta gushe ba.

Wani binciken da suka fitar a 2012 ya fi tayar da hankali. Jami'in da ke cikin fargaba ya fi saurin harbin mutumin da ya riga ya miƙa wuya. Ashe tsoro na ɓata saiti, yana kuma ɓata hukunci, kuma allon takarda ba ya iya gwada na biyun.

Idan sauri ya riga tunani

A ranar 4 ga Fabrairun 1999 'yan sandan farin kaya huɗu sun tarar da Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, a ƙofar gidan da yake zaune a unguwar Bronx ta New York. Ya sa hannu a aljihu ya zaro walat. Jami'an suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. Ba ya ɗauke da makami. Kotu ta wanke su a shekarar 2000. A Nuwamban 2006, a unguwar Queens, jami'ai sun harba harsashi 50 kan motar Sean Bell, suka kashe shi da asubahin ranar ɗaurin aurensa. Shi ma babu makami a tare da shi, kuma jami'i ɗaya ne ya harba 31 daga cikin harsasan. Wannan kisa ne ya sa rundunar ta ɗauko RAND ta yi binciken da aka ambata a farko.

Masana na kiran irin wannan yanayi harbi mai yaɗuwa: jami'i ya ji ƙarar bindigar abokinsa, sai ya buɗe wuta ba tare da shi kansa ya ga barazana ba. A nan ne atisayen rukuni ke iya zama dafi. Sahun da aka saba wa cewa da an busa usur kowa ya harba, yana koyon ɗaukar ƙara a matsayin umarni. Maganin da masu horarwa ke bi shi ne cakuɗa alamu: wani lokaci a busa usur amma allon da ya juyo na mai riƙe da waya ne, wani lokaci maharbi ɗaya kaɗai ke da hujjar harbi, sauran kuma makinsu na cikin riƙe yatsa.

Ko inda barazanar ta tabbata, sauran harsasan na da nasu hisabin. A watan Agustan 2012, kusa da dogon benen Empire State, jami'ai biyu sun harba harsashi 16 kan wani mutum da ya kashe tsohon abokin aikinsa ya kuma nuna musu bindiga. Sun kashe shi, amma masu wucewa tara sun jikkata, dukkansu daga harsasan 'yan sanda ko ɓarɓashinsu.

Akwai kuma atisayen da aka juya wa ma'ana. A 1983 wani sajan na 'yan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21 cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da jami'i ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Nufinsa shi ne jami'i ya ankara da wuri, ya ja baya, ya nemi abin fakewa. Da tafiya ta yi nisa wasu suka mayar da gwajin tamkar dokar da ta halatta harbin duk mai wuƙa da ke cikin wannan tazara. Yadda ake raba lokacin horo ma na ƙarfafa wannan tunani. Wani bincike da ƙungiyar nazarin aikin 'yan sanda ta PERF ta yi a 2015 ya gano cewa matsakaicin lokacin da kuratan Amurka ke samu na koyon bindiga awa 58 ne, na koyon kwantar da tarzoma da baki kuwa awa 8.

Abin da doka ke buƙata

Tun a 1979 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta duba ƙarar iyalan wani mutum mai suna Popow, wanda harsashin ɗan sanda ya kashe bayan ya fito daga gidansa lokacin da ake bin wani da ake zargi. Kotun ta lura cewa jami'an garin Margate ba su samu horon harbi da dare ba, ko kan abin da ke motsi, ko a cikin unguwar da mutane ke zaune, ta kuma ce hakan na iya sa a ɗora wa garin alhaki. A 1990, a birnin Havana, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro. Sun tanadi cewa kada a ba jami'i izinin ɗaukar bindiga sai ya kammala horo na musamman, a riƙa sake duba cancantarsa lokaci-lokaci, kuma kada a yi harbin kisa da gangan sai idan babu wata hanyar kare rai.

Ingila da Wales sun bi wata hanyar. Mafi yawan 'yan sandansu ba sa ɗaukar bindiga, 'yan kaɗan da ke ɗauka kuma sai sun riƙa sabunta shaidar ƙwarewa. A shekarar da ta ƙare a Maris 2023 an tura jami'ai masu makami aiki sama da sau 18,000, amma sau 10 kacal aka buɗe wa mutum wuta. Yanayin tsaron can ya sha bamban da na ƙasashen da ke fama da 'yan bindiga, sai dai alƙaluman na nuna cewa riƙe yatsa ma ƙwarewa ce da ake koyarwa, ake kuma ƙirgawa.

Inda batun ya shafi Najeriya

A 2019 rundunar 'yan sandan Najeriya ta sabunta Umarni na 237, wanda ke fayyace lokacin da jami'i zai iya amfani da bindiga, bayan shekaru ana sukar tsohon da cewa ya buɗe ƙofar harbi da yawa. A gefe guda kuma yawan masu ɗauke da makami da sunan hukuma na ƙaruwa. Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da askarawanta a Janairun 2024, ga kuma muhawarar kafa 'yan sandan jihohi da ke ci gaba.

A bikin yaye irin waɗannan dakaru abin da aka fi nunawa shi ne fareti da motoci da babura. Tarihin da ke sama na nuna tambayoyin da suka fi waɗannan nauyi, waɗanda 'yan majalisa da 'yan jarida da masu zaɓe ke da haƙƙin yi. Harsashi nawa kurtu ya harba kafin a yaye shi? Yaushe zai koma filin atisaye, kuma wa zai karɓe makaminsa idan ya faɗi jarrabawa? Akwai gwajin da ake cin maki a cikinsa ta hanyar ƙin harbi? Ana rubuta kowane harsashi da aka fita da shi da wanda aka dawo da shi? Nawa aka ware wa horo a kasafin kuɗi idan aka kwatanta da sayen makamai?

A filin wasa, wanda ya harbi allon da aka haramta maki 10 kawai yake asara. A shingen bincike ko a tsakiyar kasuwa, wanda ke tsaye a wurin wannan allon direba ne, ko ɗalibi, ko mai talla.